Abin da Ke Hana Rufin Hannu Kulluwa a Motar Gudu

A ƙaramar motar gudu mai kujera biyu wadda ake naɗe rufinta da hannu, duk ƙarfin rufin a wuri guda yake taruwa, wato saman firam ɗin gilashin gaba. A nan sandar gaba ta rufin take sauka, a nan kuma sakata ɗaya ko biyu suke riƙe ta. Sauran rufin ƙarafa ne masu gaɓoɓi da aka shimfiɗa wa yadi ko leda, sai roba da ke bin gefe don tare ruwa da iska. Babu injin lantarki, babu famfon mai. Rashin waɗannan ne ya sa rufin bai da nauyi kuma bai cika lalacewa ba, amma shi ne kuma ya bar wa direba aikin jawo rufin har ya kai inda sakata za ta kama. Ranar da ta ƙi kamawa, ita ake fara zargi. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau, matsalar wani wuri ce ta zo ta bayyana a kanta.

Sakatar tana da ƙugiya da hannu. Ƙugiyar tana shiga wani gurbin ƙarfe da ke jikin firam ɗin gilashi, idan aka tura hannun sai ya jawo rufin gaba da ƙasa lokaci guda, ya danne robar da ke tsakani. An tsara hannun ya ɗan wuce tsakiyar zagayensa kafin ya tsaya, ta yadda jan da yadin ke yi zai ƙara danne shi a rufe maimakon ya ɓalle shi. Shi ya sa ake jin tauri a tsakiyar turawa, sannan a ji "ƙas" a ƙarshe. A yawancin motoci akwai wani ɗan tsinken ƙarfe ko na roba mai tauri da ke shiga rami don ya saita sandar kafin ƙugiya ta kama. Idan tsinken bai faɗa raminsa ba, ko an danne hannun da ƙarfi, rufin a karkace zai zauna.

Dalilin da ya sa wannan ba abin wasa ba ne yana cikin yadda iska ke bi ta kan mota. Iskar da ta hau gilashin gaba tana lanƙwasawa ta bi ta saman rufin da sauri, sai matsinta a wurin ya yi ƙasa da na cikin mota. Rufin sai ya riƙa tsotsuwa sama, kamar yadda guguwar farkon damina ke yaye kwanon ɗaki ta ɗaga shi ba tare da ta tura shi ƙasa ba. Wanda ya bi bayan irin wannan mota a babbar hanya zai ga yadin ya kumbura tsakanin ƙarafa. Ƙarfin tsotsar ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Sakatar da ta riƙe lafiya a kilomita 60 cikin awa tana ɗauke da ninki huɗu a 120, ninki tara a 180. In bakin rufin ya ɗan ɗaga har iska ta sami shiga ta ƙarƙashi, to cikin ƙiftawar ido za ta wurga shi baya, ta lanƙwasa ƙarafan ko ta yaga yadin.

Kamfanonin da ke ƙera motoci masu tsada sun san da haka, har wasu suka sa iyakar gudu a rubuce. Lamborghini Murciélago Roadster da ta fito a 2004 tana wuce kilomita 300 cikin awa, amma an gargaɗi mai ita kada ya haura 160 idan rufin yadin yana sama. Porsche Boxster Spyder ta 2010 tana kai 267 a buɗe, da rufinta kuwa 200 ne iyaka. Bugatti Veyron Grand Sport ta zo da wani rufin wucin gadi mai buɗewa irin na laima, wanda ba a yarda a wuce 130 da shi ba. Dodge Viper ta farko, ta 1992, rufinta ya yi ƙaurin suna wajen neman tashi idan gudu ya yi gudu. A waɗannan motoci rufin na fakewa daga ruwan sama ne kawai, kuma kuɗin motar bai sa ɗaura shi ya zo da sauƙi ba. Na Murciélago ma sai an haɗa sanduna ɗaya bayan ɗaya kafin a shimfiɗa yadin.

Wahalar tsohuwa ce. Ƙananan motocin Ingila irin su Austin-Healey Sprite ta 1958 da MGB ta farko-farko, wadda aka fara ƙerawa a 1962, ana ciro ƙarafan rufinsu ne daga baya, a kafa su, a yafa ledar, sannan a bi da maɓallai ana dannawa ɗaya-ɗaya. Kafin a gama, ruwan da ake gudu ya riga ya jiƙa direba da kujeru. Mazda MX-5, wadda ake kira Miata a Amurka, ita ta sauya lissafin lokacin da aka nuna ta a bajekolin motoci na Chicago a 1989. Ta ɗauko fasalin waɗancan motocin Ingila, amma rufinta sakata biyu ne kacal a kusurwoyin gilashi, mutum na zaune a kujera zai iya ɓalle su ya tura rufin baya. Ana ƙera ta a Hiroshima, kuma a 2016 adadin da aka ƙera ya kai miliyan ɗaya. Saboda yawanta da daɗewarta a hanya, kusan duk wata cuta ta rufin hannu an gan ta a jikinta.

Babbar cutar ita ce tsukewar rufin. MX-5 ta farko da ledar roba aka rufe yawancinta, ita kuwa leda tana da sinadarin da ke sa ta laushi, wanda rana da shekaru ke busarwa sannu a hankali. Tana bushewa tana tsukewa tana ƙara tauri. Sanyi kuma yana ƙara ɗaure ta nan take. Rufin da ya kullu da yatsa biyu da tsakar rana yana iya tsayawa da tazarar yatsa ɗaya ko biyu daga gilashi da asuba mai sanyi, ƙugiya tana lilo ba ta kai gurbinta ba. Abin ya fi muni idan an bar rufin a naɗe makonni, domin ledar tana sabawa da naɗin, ba abin da ke miƙe ta. Shi ya sa masu irin wannan mota ke ajiye ta da rufi a sama kuma a kulle, ko da a cikin gareji take.

Maganin a nan haƙuri ne da ɗumi. Ana fitar da motar rana, a ɗaga rufin a bar shi ya sha zafi har ledar ta saki. Sai a sauke gilasan ƙofa, ko a buɗe ƙofofin gaba ɗaya, don kada bakin gilashi ya tokare robar gefe. Mutum ɗaya yana waje yana danna sandar gaba da tafin hannu, ɗaya yana ciki yana saƙala ƙugiyoyi. Dabarar da ta fi muhimmanci ita ce a saƙala ƙugiyoyin biyu tukuna kafin a danne ko ɗaya. Wanda ya kulle ta hagu har ƙarshe ya jawo sandar gefe guda, ta dama sai ta ƙara nisa. A motocin farko masu tagar baya ta roba da zif, zuge zif ɗin yana sassauta jan, amma tsarin da ya fi kare zif shi ne a ja shi ya rufe tun rufin yana sake, kafin a danne sakatu, domin jan zif a kan rufin da ya riga ya ɗaure shi ke cinye haƙoransa. Idan har rufin ya kullu, a bar shi haka kwanaki a wuri mai ɗumi ya miƙe. Sabon rufi ma haka yake: da gangan ake yanka shi ya ɗan matse, kuma makonnin farko kulle shi aiki ne.

Rufin yadi bai cika nuna wannan halin ba. Yawanci hawa uku ne, zaren roba mai jure rana a waje, shimfiɗar roba a tsakiya mai hana ruwa, sai shafi a ciki. Kamfanin Haartz na jihar Massachusetts a Amurka yana cikin manyan masu yin sa. Ya fi leda tsada kuma ya fi riƙe ƙura, amma sanyi ba ya sandarar da shi kamar leda.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne inda motar take tsaye. Motar da ba ta da rufin ƙarfe ba ta kai mai rufi tauri ba, jikinta yana ɗan murɗewa. Idan taya ɗaya ta hau dakali ko ta faɗa kwari, firam ɗin gilashi yana gocewa kaɗan daga inda gindin rufin yake, sai sakata ɗaya ta kama ɗaya ta ƙi. Matsar da motar zuwa shimfiɗaɗɗen wuri kaɗai yana iya warware abin da ake shirin kai wa bakanike.

Sai bayan an kawar da waɗannan ne ya dace a duba sakatar kanta. Ƙugiyarta tana da zare irin na noti: a juya ta ta ƙara tsawo ko ta rage. Idan rufi yana ƙara a kan gargada ko iska na fito ta saman gilashi, ana rage tsawon da rabin juyi, a gwada, a sake. Idan kuma ya tsuke, ana ƙara tsawon na ɗan lokaci har ya miƙe, sannan a mayar. Ɓangarorin biyu dole su zo daidai. Abin da ke ci da gaske shi ne ƙananan sassa: hular roba da ke kan tsinken saiti tana gogewa, ɗan maɓallin da ke hana hannu buɗewa yana cinyewa har hannun ya riƙa faɗowa da kansa a hanya, kusoshin da ke riƙe sakatar da gurbinta suna kwancewa saboda girgiza. Duk waɗannan gyara ne mai araha. Mai tsada shi ne abin da ɗaurewa fiye da kima ke jawowa. Jikin irin waɗannan sakatu yawanci zubin ƙarfe ne mara lanƙwasa, idan aka matsa masa karyewa yake yi, kuma kafin ya karye ya riga ya murƙushe robar gaba ta yadda ba za ta sake tasowa ba. Daga nan yoyo ya samu ƙofa, mai mota ya ƙara ɗaurewa, roba ta ƙara mutuwa.

Ƙarafan rufin ma suna da nasu. Gaɓoɓin da suka bushe ko suka yi tsatsa suna hana firam ɗin miƙewa har ƙarshe, sai ya tsaya a ɗan tanƙware, sandar gaba ta kasa kaiwa. Ɗigon mai a kowace gaɓa, tare da kiyaye kada ya taɓa yadin, yana dawo da tazarar da ta ɓata. Firam ɗin da aka taɓa tilasta wa naɗewa a kan kaya, ko aka ja shi daga gefe ɗaya shekara da shekaru, yana karkacewa, kuma ana gane shi da sandar gaba da ke sauka kusurwa ɗaya kafin ɗaya. Akwai kuma siririyar waya da ke bi ta cikin kalmasar yadin a saman kowace taga. Ita ke miƙe gefen rufin. In ta tsinke, sakata na kulle amma gefen yana kaɗawa, ruwa na shiga ta saman gilashin ƙofa.

Batun ruwa yana yawan ruɗar mutane. Rufin MX-5 ba ya hana ruwa gangarawa ta bayansa. An yi masa wata magudanar roba a ƙarƙashin gindin yadin da ke tara ruwan ta kai shi ramuka biyu a bayan kujeru, daga nan bututu ya zubar ƙarƙashin mota. Ganye da ƙasa suna toshe bututun, ruwa ya cika ya malalo kan kafet ko ya kwanta cikin ƙarfen gefe ya haifar da tsatsa. Mai mota ya ga kafet a jiƙe sai ya ɗauka rufin bai kullu da kyau ba, ya hau ɗaure sakata, alhali abin da ake bukata a zura siririn buroshi a bututun ne. Robobin gefe kuwa man silikon ake shafa musu. Giris da bakin mai suna kumbura irin wannan roba su lalata ta.

A ƙasashe masu zafi lissafin yana ɗan juyawa. Motar da aka shigo da ita ta hannu daga Turai ko Amurka zuwa wuri irin Kano ko Yamai ba za ta sha wahalar sanyin ƙanƙara ba, amma rana tana gaggauta bushewar leda da roba da zaren ɗinki, tagar roba tana yin rawaya ta tsage, ƙurar hunturu kuma tana cika gaɓoɓi da magudanar ruwa tun kafin damina ta zo ta gwada su.

Mazda ta yi ta rage wuraren kuskure a rufin MX-5 daga zubi zuwa zubi. Zubi na biyu, na 1998, ya maye tagar roba da gilashi, zif ya tafi. Na uku, na 2005, ya koma sakata ɗaya a tsakiya, don haka babu sauran batun daidaita hagu da dama, rufin kuma yana naɗewa ya kulle kansa a baya ba sai an yafa masa murfi ba. Na huɗu, na 2015, an rage masa nauyi aka sa sifirin da ke taimakawa wajen ɗagawa, gilasan ƙofa kuma suna sauka kaɗan da kansu idan an ɓalle sakata. Sakata ɗaya tana da nata sharaɗi: ƙugiyar tsakiya ce ke ja, amma tsinkayen kusurwa biyu ne ke riƙe gefe, kuma hannun yana iya rufewa ba tare da ƙugiyar ta shiga gurbinta ba. Hanyar tabbatarwa a kowane zubi ɗaya ce, a tura sandar gaba sama da tafin hannu a kusurwar hagu da ta dama kafin a tayar da mota. Idan ta motsa, ba ta kama ba.