Kitso Ba Yaƙi Ba Ne

'Yan'uwana 'yan mata, daga Mada har Gusau ina ganin budurwa gashin goshinta ya zube, a ce wai sammu ne. Ni dai na ce a binciki kitso.

Zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne, wani na fitowa. Amma in makitsiya ta ɗaure shuku tamau har ƙuraje suka feso, barci ya gagara, to saiwar ce ke wahala. In ta yi tabo kuwa, gashin ba ya komowa.

Kada kunya ta cuce ki. Ce mata, "Inna, sassauta mini." Ki tsefe bayan mako biyu, ki wanke da karkashi, ki shafa man kaɗe. Makero kuwa sai asibiti, maganin sha yake so.