Sikila: Daga Gyaran Ƙwayar Halitta a Amurka Zuwa Binciken da Aka Yi a Kano

A watan Yulin 2019, a wani asibiti da ke birnin Nashville na ƙasar Amurka, likitoci suka ɗura wa wata mata mai suna Victoria Gray ƙwayoyin ɓargonta da aka ciro tun da farko, aka gyara su a ɗakin bincike, aka dawo da su. Matar 'yar jihar Mississippi ce, mai 'ya'ya huɗu, kuma tun tana jaririya take fama da sikila, wato amosanin jini. Ita ce mai sikila ta farko a Amurka da aka gwada wa wannan hanya. Bayan aikin, ciwon da ya saba kwantar da ita a asibiti ya daina tashi. A watan Nuwamban 2023 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da maganin, mai suna Casgevy, sannan ta Amurka ta bi sahu a watan Disamba. A gwajin da hukumar Amurka ta dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda cur ba tare da ciwon ya tashi musu da tsanani ba.

Duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon mai sikila ya san abin da shekara guda ba ciwo take nufi. Yaro ya wuni yana wasa lafiya lau, dare ya yi ya fara kuka da ƙafa ko ƙirji ko baya, ba ya son ko zani ya taɓa shi. Uwa ta dafa ruwan ɗumi tana gasa masa, uba ya fita neman abin hawa da tsakar dare. Idanu sun yi rawaya, jiki ya yi fari fat, a asibiti a ce sai an nemo jini.

Tushen duk wannan wahala kuskure ne guda ɗaya tak a cikin ƙwayar halittar da ke tsara himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki. Idan iskar ta yi ƙaranci, gurɓataccen himogulobin yakan dunƙule ya sandare, sai ƙwayar jinin da ta kamata ta kasance zagayayya mai laushi ta lanƙwashe kamar lauje. Irin wannan ƙwaya tana maƙalewa a ƙananan hanyoyin jini ta toshe su, shi ne ciwon. Kuma ba ta daɗewa: lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120, ita kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ne ƙarancin jinin. Wani likita a Chicago, James Herrick, ya fara bayyana cutar a rubuce a 1910, kuma a 1956 Vernon Ingram ya gano ainihin inda kuskuren yake. An san dalili ke nan shekaru da dama kafin a iya taɓa shi.

Dabarar Casgevy tana da ban sha'awa, domin ba kuskuren kansa take gyarawa ba. Jariri a cikin ciki yana da wani nau'in himogulobin na daban wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini, shi ya sa jariri mai sikila yakan yi watanninsa na farko ba a ga komai a jikinsa ba. Bayan haihuwa sai wata ƙwayar halitta mai suna BCL11A ta dakatar da yin wannan himogulobin na jarirai. Abin da masu bincike suka yi shi ne, suka yi amfani da fasahar CRISPR, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012 har ta kai su ga kyautar Nobel a 2020, suka yanke wurin da ke kunna BCL11A a cikin ƙwayoyin ɓargo. Da aka raunana mai hanawa, sai jiki ya koma yin himogulobin na jarirai, ko da mutum ya girma.

To amma kafin a dawo wa mutum da gyararrun ƙwayoyinsa, dole a kashe tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, garkuwar jiki ta faɗi, mutum ya yi makonni a keɓe a asibiti. Maganin yana iya hana haihuwa har abada, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga saurayi ko budurwa. Sannan ga kuɗi: farashin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. A ɗaya gefen kuma, Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawowa shi ne ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar kowace shekara a ƙasar, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayarta ba tare da yana ciwo ba. Wannan yawa ba haka kawai ya zo ba. Tun a 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai ɗauke da ƙwaya ɗaya, wato AS, yana da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, don haka ƙwayar ta yaɗu a inda sauro ya yi katutu. Dashen ɓargo daga ɗan'uwa na jini, wanda shi ma yana warkarwa, an fara yin sa a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, sai dai yana buƙatar ɗan'uwan da ɓargonsa ya dace, ga tsada, ga haɗari.

Saboda haka, a ganina, binciken da ya fi kusa da rayuwar yaranmu a yau shi ne wanda aka yi a Kano da Kaduna, ko da yake bai samu rabin ambaton da Casgevy ya samu ba.

Ɗaya daga cikin mafi munin abin da sikila ke yi wa yaro shi ne shanyewar ɓarin jiki. Idan ba a ɗauki mataki ba, kusan yaro ɗaya cikin goma mai SS, wato mai ɗauke da ƙwaya biyu, zai gamu da ita kafin ya kai shekara 20. Akwai na'urar da ke hango wannan haɗari tun kafin ya auku, ana kiranta TCD. Yaro zai kwanta, a shafa masa ɗan man gwaji a gefen kai tsakanin ido da kunne, a ɗora wani ɗan kan na'ura a wurin. Ba allura, ba zafi. Na'urar tana auna gudun jini a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, domin inda jijiya ta tsuke jini yakan ƙara gudu. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya, yaron yana bakin haɗari. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa yi wa irin waɗannan yara ƙarin jini duk wata yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin ɗari. Amma wane gida ne a Kano ko Katsina ko Damagaram zai iya samo tsabtataccen jini duk wata, shekara da shekaru?

Wannan tambaya ce ta haɗa likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da na Asibitin Barau Dikko a Kaduna, cikinsu har da Shehu Abdullahi da Najibah Galadanci, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt. Suka juya ga wani tsohon magani na haɗiya, haidroksiyuriya, wanda Amurka ta amince da shi ga masu sikila tun 1998. Abin lura shi ne, aikinsa ɗaya ne da na Casgevy a manufa, wato ƙara himogulobin na jarirai, sai dai shi kullum ake shan sa, kuma ba ya warkarwa, sauƙi yake kawowa. Suka ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 waɗanda na'urar TCD ta nuna suna cikin haɗari, aka ba wasu miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu miligiram 20. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa yaran da suka samu shanyewar jiki 'yan kaɗan ne ƙwarai a ɓangarorin biyu, ba wani bambanci na a zo a gani, amma masu shan miligiram 20 sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. A wani binciken kuma da aka yi a Angola da Kongo da Kenya da Uganda, an ga maganin ya rage tashin ciwo da ƙarin jini da mace-mace, har ma da zazzaɓin cizon sauro, abin da ya kwantar da fargabar da ake da ita cewa zai raunana yaran Afirka. Yana buƙatar likita ya riƙa duba jinin yaro lokaci zuwa lokaci, ba magani ba ne da za a saya a kemis a sha da ka.

Ba kowane sabon magani ne yake cika alkawari ba. A watan Satumban 2024 kamfanin Pfizer ya janye maganinsa na sikila mai suna Oxbryta daga kasuwannin duniya, bayan bayanai sun nuna cewa haɗarinsa ya fi amfaninsa, alhali an yi ta murna da fitowarsa a 2019.

Duk waɗannan hanyoyi, masu tsada da masu araha, suna farawa ne daga wuri ɗaya: a san yaron yana da cutar. Nan ne kuma muke da babban giɓi. Yara da yawa suna rasuwa kafin shekara biyar da zazzaɓi ko ciwon haƙarƙari ko ƙarancin jini, a binne su ba wanda ya san sikila ce. Alhali tun 1986 aka tabbatar cewa ba jariri mai sikila fenisilin kullum yana rage masa mummunan kamuwa da ƙwayoyin cutar huhu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. A da, gwajin jarirai yana buƙatar manyan na'urori da wutar lantarki da ƙwararru. Yanzu akwai 'yan tsinkayen gwaji irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, da ake ɗiga musu jini daga dunduniyar jariri, cikin 'yan mintuna su nuna AA ne ko AS ko SS. Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta sun gwada su a wuraren rigakafin yara a yankin Gwagwalada, suka nuna cewa ma'aikatan ƙananan asibitoci za su iya yin gwajin a ranar da uwa ta kawo jaririnta allura.

Gwaji kafin aure ya samu karɓuwa sosai a 'yan shekarun nan, har jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, kuma abu ne mai kyau. Yana da muhimmanci ma a gyara wata fahimta da ta yaɗu: idan AS ya auri AS, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ne zai fito SS sauran su tsira ba. Kowane ciki da kansa yana da wannan yiwuwar ta ɗaya cikin huɗu, don haka gida ɗaya yana iya samun uku a jere, wani gidan kuma bai samu ko ɗaya ba. Sai dai dokar aure ba ta yi wa yaron da aka riga aka haifa komai. Abin da shi yake buƙata daga gwamnatocin jihohi shi ne tsinken gwaji a kowane wurin rigakafi, na'urar TCD da wanda ya iya aiki da ita a kowane babban asibiti don a duba shi sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16, da haidroksiyuriya a cikin jerin magungunan da ake bayarwa kyauta, domin iyaye da yawa suna fara saye su daina idan kuɗi ya yanke.