Gyaran Boris na Amalanke a Gida

Ƴan'uwa makiyaya da manoman Ɗan Kassari, yashin Arewa da ruwan damina su ne ke cinye boris. In ya bushe, amalanke sai ta yi nauyi, bijimai su gaji, wuyansu ya yi miki tun ba a gama jigilar kara ba.

Alamu 3 ne: kuka, zafi a cibiyar taya, ko taya tana rawa.

A sauke kaya, a tare ɗaya tayar da dutse, a ɗaga amalanke bisa kututture. A cire murfi, da ƙusa, da noti. A wanke boris da kananzir, a bar shi ya bushe bisa tsumma mai tsabta, ban da ƙasa. In ya yi ramuka ko ya ƙone, a sauya shi tare da zobensa. A tafi da tsohon Dogonduci don a dace da lamba.

A cusa giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen. A ɗaure noti ana juya taya, sa'an nan a sassauta kaɗan, a sa sabuwar ƙusa.

A riƙa yi sau 2 a shekara: gabanin damina da farkon kaka.