Lissafin yaro a hannu yake farawa

A gidaje da dama a Achilafiya da sauran garuruwan ƙaramar hukumar 'Yankwashi za ka ji uwa tana alfahari cewa ɗanta mai shekara 4 yana ƙirga har 100. Amma zube masa 'ya'yan tsamiya bakwai ka ce nawa ne, sai bakinsa ya riga yatsansa, ya ce goma. Hadda ya yi, lissafin bai zauna ba tukuna.

Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantar ƙananan yara a birnin Rum a 1907, a kan wannan ta gina tsarinta: yaro ya fara taɓa adadi da hannunsa kafin a nuna masa lambar a rubuce. Kayan da ake sayarwa da sunanta yau suna da tsada, kuma a ganina uwa a ƙasar Kazaure ba ta buƙatarsu. Kakanninmu da wuri suka yi ciniki, suna ware shi biyar-biyar a ƙasa, ba alli ba allo.

A shimfiɗa tabarma, a jera kofuna biyar. A ce wa yaro ya sa ƙwallon dabino ɗaya a na farko, biyu a na biyu, har zuwa na biyar, yana taɓa kowane yana kiran sunansa. In ya gama a tambaye shi: “To, duka nawa ne a wannan?” In ya sake ƙirgawa daga farko, kada a tsawata masa, bai gane ba tukuna cewa lambar ƙarshe ita ce jimla. Wata rana a jera gyaɗa shida a matse, wasu shida a baje. Yawancin yaran waɗannan shekaru za su rantse na bajen sun fi yawa, kamar yadda masanin nan Jean Piaget na ƙasar Suwizalan ya nuna. A bar shi ya haɗa su ɗaya da ɗaya ya gani da idonsa.

Awon gero ma darasi ne: gwangwani nawa ke cika mudu? Haka rabon ƙosai tsakanin yara uku, ko carabke da yayyensa.

Minti goma sun isa, in ya gaji a ƙyale shi. Sai dai a kula da ƙanen da ke rarrafe, don ƙwayar tsamiya ba ta wuyar shigewa hanci ko maƙogwaro. In yana kusa, a koma ga murafun robobi manya ko guntayen kara.