Gagare, Bunsuru da Gulbin Maraɗi: Ruwan da Ya Girmi Iyaka

Arewacin Zamfara ba shi da kogin da ya zama iyakar ƙasa, irin yadda Komadugu Yobe ya raba Najeriya da Nijar a can gabas, amma ruwansa yana ɗaure da na Nijar. Gagare da ke ratsa Ƙauran Namoda da Bunsuru da ke bi ta Zurmi suna gangarawa arewa ta ƙasar Shinkafi, inda fadama, wato ƙasar da ambaliya ke jiƙawa ta bar mata laima, take ciyar da masu shinkafa da albasa. Da rani kogunan sukan koma rairayi, sai manomi ya tona kamu kaɗan ya tarar da ruwa.

Gaba kaɗan waɗannan koguna suke gamuwa da Gulbin Maraɗi su zama Rima, shi kuwa wannan gulbi daga ƙasar Katsina ya taso, ya shiga Nijar, sannan ya dawo. A wannan kwari Alƙalawa take, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a 1898, suka gyara a 1904 da 1906, ta yanke gulbin sau biyu, ta raba Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni, alhali kwari ɗaya suke noma.

Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta wajabta wa Najeriya da Nijar raba irin wannan ruwa bisa adalci, kuma ya kamata hukumomi su riƙa jin ta bakin manoman fadama kafin a tare shi da madatsa.