Gaskiya ko Jita-jita: Duk Tikitin Jirgin Dare Gado Ne?

Tun da aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi a 2021, mai reshen da zai bi ta Gaya ya nufi Dutse, hirar jirgin ƙasa ta yawaita a nan garin Toranke. Har an kai ga zancen jiragen ƙasar waje da ake kwana a ciki, kuma ba duka zancen ne ke kan hanya ba.

Ana cewa sai a Turai ake samun irinsu. Jita-jita ce. Ga Kamaru nan, maƙwabciyarmu: jirgin Camrail na tashi daga Yawunde da yamma, ya wayi gari a Ngaundere, tafiyar fiye da kilomita 600, da ɗakuna masu gado biyu ko huɗu. Tun 1974 dogo ya isa Ngaundere, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a can. Sai dai Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka a riƙe fasfo. A gida ma, jirgin Legas zuwa Kano da aka farfaɗo da shi a ƙarshen 2012 ya zo da taragon kwana.

Babban kuskuren shi ne zaton duk mai tikitin jirgin dare ya samu wurin miƙe ƙafa. Ina! Jirgi ɗaya kan jawo taragon kujeru da na gadaje, kowanne da kuɗinsa. A Indiya, inda mutanenmu ke zuwa karatu da neman magani, abin ya fi rikitarwa. Ajin da sunansa ke nufin "na barci" akwai gado, amma babu na'urar sanyaya ɗaki, kuma ba a raba bargo; sai a ajin 3A da 2A da 1A ake samun waɗannan. Sannan za a iya karɓar kuɗinka alhali sunanka na cikin jerin masu jira, ba ka da gado sai wani ya fasa. Kwana 60 kafin tafiya ake buɗe sayar da tikiti, kuma lokacin bukukuwa gadajen ba sa daɗewa.

Wai jirgin dare kullum ya fi jirgin sama araha? Ba ko'ina ba. Jirgin kwana na Alƙahira zuwa Aswan kuɗin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa, kuma da dala ake lissafa shi. Ribar dai ita ce ka huta da biyan otal na dare ɗaya.

Masu shirin Umara kuwa su daina tanadin bargo: jirgin Haramain da aka buɗe a 2018 kujeru ne zalla, yana cinye kilomita 450 na tsakanin Makka da Madina cikin kimanin awa biyu da rabi.

Kafin ka biya, malam, ka duba tikitin: in babu lambar tarago da ta gado, kada ka sa ran kwanciya.