Launin wuta da ribar mai tuya

A kasuwar Allakaye da ke gundumar Buza, tun da sassafe masu tuyar ƙosai da waina ke hura wuta. Da muka duba gindin kaskonsu, sai muka ga na wasu baƙi ƙirin, na wasu da dama-dama. Shin me ya kawo haka?

Masana sun daɗe suna binciken harshen wuta. Bayan an ƙera na'urar leza ta farko a Amurka a 1960, sai suka samu hanyar haska cikin wuta ba tare da sun taɓa ta ba. Akwai ɓurɓushin sinadarai irin su OH da CH, masu bayyana su ɓace kafin ƙiftawar ido. Hasken leza kan sa su yi ƙyalli, sai a auna yawansu, a gane ko wutar na ci sosai.

To, 'yan uwa mata, ga abin da ya shafe mu. Shuɗiyar wutar gaz alama ce iska ta wadata. In ta koma ja tana baƙanta tukunya, kuɗinku ne ke tafiya a hayaƙi. Wutar icce ba ta rasa ja, amma yawan hayaƙi asara ce, kuma cuta ce: hukumar lafiya ta duniya ta ce hayaƙin cikin gida ya kashe kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020.

Saboda haka a nemi busasshen icce, kada a cunkushe murhu, a riƙa share ramukan risho. Allah ya ba da kasuwa.